Tsaga Uku a Ƙarƙashin Benci

Akwai wani mai shagon kujeru da duk layinsu ke kira Ciyaman. Ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. An dai wayi gari an ga shi ne ciyaman ɗin kwamitin shara, shi ne na kwamitin fitilun titi, shi ne kuma na kwamitin da aka kafa don a gano abin da ya hana kwamitin shara aiki. In mutum uku suka tsaya gaisawa a bakin hanya, kafin su kai ga tambayar iyali Ciyaman ya iso ya buɗe taro.

Mutum ne mai jiki. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, har a yi wa tumbin sannu da zuwa kafin mai shi ya ƙaraso.

Amma a faɗi gaskiya, kafinta ne na ƙwarai. Kujerar da ta fito daga shagonsa sai jikoki sun yi faɗa a kanta. Kuma duk abin da aka ƙera a wurin, kujera ce ko tebur ko benci, in ka kifa shi za ka ga tsaga uku a jere a ƙarƙashinsa, an yi su da bakin zarto. Har a jikin allon shagonsa ya sa an zana su da jan fenti.

In mai saye ya tambayi ma'anarsu, sai Ciyaman ya gyara tsayuwa ya ce, "Inganci, ƙarko, amana. Ni na ƙirƙiro ta da kaina. Duk duniya ba hannun da ke yin wannan alama sai nawa."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Gaskiyar ita ce alamar ta mahaifinsu ce. Shi ma kafinta ne, 'ya'yansa maza biyu, ya ce tsaga ɗaya tasa, ɗaya ta babban ɗansa, ɗaya ta autansa. Ciyaman shi ne autan. Yana da shekara tara uban ya rasu, Yaya ya riƙe shi. Yaya ne ya koya masa riƙon zarto. Yaya ne ya ɗaure masa yatsa ranar da guduma ta fara gaisawa da shi. Gadon aurensa ma Yaya ne ya ƙera.

In ka tambayi Ciyaman ina Yayan nan yake yanzu, amsa a shirye take. "Yana ƙasar waje, a wani babban kamfanin jiragen ruwa. Aiki ya sha masa kai, ko waya ba ya samun sukunin yi." Shekara goma sha biyu Yaya yana cikin jirgin nan, jirgin bai taɓa zuwa gaɓa ba.

Ga abin da ya faru, wanda ko matar Ciyaman ba ta sani ba.

A can garinsu, matar Yaya da 'yarsa tilo suka rasu rana ɗaya a haɗarin mota. Daga nan kansa ya taɓu. Ya riƙa magana shi kaɗai, yana shiga shago ba takalmi, yana tambayar masu saye ko sun ga 'yarsa a hanya. Masu saye suka fara ja da baya. Ciyaman ya yi haƙuri wata shida, a lissafinsa kuwa wata shida haƙuri ne mai yawa. Sai ya ce wa matarsa zai kai Yaya asibitin birni.

Suka sauka a babbar tashar mota. Ya zaunar da Yaya a kan wani benci kusa da mai shayi, ya ce, "Yaya, jira ni nan, bari in samo maka ruwa."

Ya zagaya ta bayan motoci, ya shiga wadda za ta koma gida.

Ya ce wa matarsa an kwantar da shi. Bayan wata uku ya ce ya warke sarai, har wani kamfani ya ɗauke shi aiki. Daga nan jirgi ya tashi.

Shekaru suka shuɗe, kasuwa ta buɗe wa Ciyaman, shi ma ya kwaso iyalinsa ya dawo birnin. Birni babba ne, ya ce a ransa, wa zai ga wa? Ya kama shago mai faɗi a wannan layi, da dakalin siminti a gaba, ya ɗaga allonsa mai tsaga uku. Sai da fenti ya bushe sannan ya lura da maƙwabtansa na tsallaken titi.

Gidan Sista ne.

Sista tsohuwa ce 'yar Katolika, cikin matan nan da suka haƙura da aure da dukiya suka ba da rayuwarsu ga bautar Allah da hidimar mutane. 'Yar ƙarama ce, da farin lulluɓi da takalmin roba, iska mai ƙarfi tana iya canza mata layi. Tana da wani keke da ya girmi rabin mutanen unguwar. Birkinsa ya daɗe da yin ritaya, da ƙafa da addu'a take tsayar da shi.

Shekara arba'in da huɗu ke nan tana wannan aiki. Ta fara ne da fulas ɗaya na shayi da kwandon burodi, tana bin ƙarƙashin gada da bayan kasuwa inda marasa gida suke kwana. Daga baya wata tsohuwa ta bar mata wannan gida. Yanzu mutum talatin da biyu suke kwana a ciki, fiye da ɗari suke cin abincin rana a tsakar gidan. Akwai waɗanda suka fito daga gidan yari danginsu suka ce ba su san su ba. Akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka manta hanyar ɗakinsu. Akwai masu taɓin hankali, akwai waɗanda kwalba ta cinye. In ɗaya ya mutu ba dangi, ita ce dangin. Ta kira liman ko fada, gwargwadon addinin mamacin, ta tsaya har a gama.

Tana da wata ɗabi'a. In sabon mutum ya zo, ba ta tambayarsa sunansa, ko daga ina ya fito, ko me ya aikata. Tambayarta ɗaya ce: "Me hannunka ya iya?"

Wanda ya ce ɗinki, ga allura. Wanda ya ce aski, ga almakashi. Wanda ya ce bai iya komai ba, sai ta ce, "Madalla, dama muna neman mai yanka albasa." Ta ce wanda aka daɗe ana miƙa wa abu yana mantawa shi ma yana da abin miƙawa.

To, kullum kafin ƙarfe sha biyu layin masu jiran abinci ya kai bakin titi. Inuwa kuwa a wannan lokaci tana gefen Ciyaman. Tsofaffi da guragu sai su tsallako su ɗan zauna a kan dakalinsa.

Ciyaman ya fara da tsaki. Ya koma zuba ruwa a dakalin. Da ya ga rana tana shanye ruwan kafin su iso, sai ya sa aka sake zuba siminti, ya jera ƙusoshi masu inci huɗu a ciki, tsininsu yana kallon sama.

Washegari Sista ta ja ƙafa ta tsayar da kekenta a gaban shagon. Ta daɗe tana kallon dakalin.

"Maƙwabci, ina kwana? Na ga ka shuka ƙusoshi. Yaushe ake girbi?"

"Sista, da girmanki ba na son mu yi haka," in ji Ciyaman. "Nan wurin kasuwanci ne. Manyan mutane suna zuwa sayen kujeru, su tarar da waɗannan tarkacen naki a ƙofa."

"Tarkace ba su da uwa, ɗana. Waɗannan kowanne haifarsa aka yi."

"To danginsu su zo su kwashe su mana. Mutumin da ke da asali ba ya ƙarewa a titi. Ni kin ga nawa a titi?"

Sista ta dube shi ta saman tabarau, kallon da ya ɗan fi na gaisuwa tsawo. Sannan ta ce, "Ka shigo wata rana ka sha shayi. Ƙofar ba ta da sakata."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Ciyaman.

A makon nan ya kafa sabon kwamiti, kuma ba sai na gaya muku wanda aka ba ciyaman ba. Suka rubuta takardar koke zuwa hukuma cewa gidan Sista ƙazanta ne, matattarar cuta ce, maɓoyar ɓarayi ce, a rufe shi. Ciyaman ya bi gida-gida yana neman sa hannu. Mai kemis ya sa. Mai gyaran waya ya sa har sau biyu don ya rabu da shi.

Matarsa ce kaɗai ta gagara. Ranar farko ta ce, "Baban yara, hannuna da sabulu." Rana ta biyu ma da sabulu. Kwana tara matar nan hannunta bai rabu da sabulu ba, har ya haƙura.

Hukuma ta amsa. Ta ce za ta turo duba-gari ranar Talata da ƙarfe goma na safe. In ya sami ɗaya daga cikin abubuwan da aka lissafa, a ranar zai garƙame gidan. Wato mutum talatin da biyu su koma ƙarƙashin gada.

Ranar Talata Ciyaman ya sha sababbin kaya, ya fesa turaren da ya kori ƙudaje har layi na uku. Ya gayyato duk wanda ya sa hannu, wai su zo su ga ƙarshen abin da idonsu. Matarsa ma ta biyo baya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Duba-garin wani siririn mutum ne mai fayil a hammata, wanda fuskarsa ta nuna ya leƙa banɗakuna da yawa a rayuwarsa kuma ba abin da zai sake ba shi mamaki. Ya shiga kicin, ya buɗe tukwane, ya shafa yatsa a kan kanta. Ya shiga ɗakunan kwana, ya ɗaga katifu. Ya shiga banɗaki, ya daɗe, ya fito.

"Ciyaman," ya ce, "banɗakin nan ya fi na ofishinmu tsabta."

"Yallaɓai, shiri suka yi! Sun san za ka zo."

"In shiri ne, sun daɗe suna yinsa. Wannan daɓen ba wankin jiya ba ne."

Wani tsoho mai yanka albasa ya yi dariya har wuƙarsa ta faɗi. 'Yan kwamiti suka fara duba agogo. Mai gyaran waya ya tuna ya bar wani abu a kan caji.

Zufa ta karyo wa Ciyaman. Ya nemi wuri ya zauna a kan ɗaya daga cikin dogayen bencinan da ke tsakar gida, inda ake cin abinci.

Kafinta kuwa yana da wata cuta. Ba ya zama a kan kujerar wani sai hannunsa ya zarce ƙarƙashinta yana lalube, ya ji yadda aka haɗa ta, ko don ya sami abin kushewa. Hannun Ciyaman ya zarce ba tare da ya aike shi ba. Ya ji katako sumul, haɗi daram, ba ƙusa ko ɗaya da ta leƙo. Sai yatsunsa suka faɗa cikin wani abu.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya miƙe da saurin da tumbinsa bai taɓa sanin yana da shi ba. Ya kifa bencin. Ga su nan, tsaga uku a jere, da bakin zarto. Ya kifa na biyu. Ya kifa na uku. Ya kifa teburin da ake raba burodi, burodin ya watse a ƙasa.

"Ɓarayi!" ya daka tsawa. "Jama'a ku dawo! Yallaɓai, zo ka gani! Kayan shagona ne! Duba allona a tsallaken titi, ga alamar can da jan fenti. Ashe dalilin da ya sa suke zama a dakalina ke nan, leƙen asiri suke yi!"

Masu shirin tafiya suka dawo. Duba-gari ya sunkuya ya duba tsagar, ya leƙa waje ya duba allon. Ya buɗe fayil ɗinsa.

"Ka tabbata ba wani mai wannan alama?"

"Duk duniya ba hannun da ke yinta sai nawa! Ka tambayi kowa a layin nan."

Mai kemis ya gyaɗa kai. "Haka yake faɗa kullum, yallaɓai. Har mun haddace."

Sista ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Maƙwabci, zo mu shiga ofis, ni da kai. Minti biyu."

"Babu ofis! Abin da za a faɗa a faɗa a nan."

"Ɗana, ka dubi katakon da kyau. Tsoffin ƙofofi ne da akwatunan kaya. Kai kana aiki da irin wannan?"

"Fenti suka kankare don su ɓatar da sawu!"

"Ina roƙonka, don darajar iyalinka da ke tsaye a ƙofa."

"Kun ji ko? Ta koma roƙo! Sista, shekara arba'in kina fakewa da lulluɓi, yau asirinki ya tonu. A gaban jama'a za ki faɗi inda kika samo su."

Duba-gari ya cire murfin biro. "Mama, ki yi haƙuri. In ba ki nuna mini inda kayan nan suka fito ba, dole in rubuta kayan sata. In na rubuta kuwa, kin san sauran."

Wata mata mai goyo ta fara tattara 'yan tsummokaranta a leda, don ita ta saba, ta san yadda kora take farawa.

Sista ta dubi matar, ta dubi Ciyaman. Ta ce, "Na yi wa wani alkawari shekara uku da suka wuce. Ba ni da ikon karya shi. Amma zan je in roƙe shi ya sake ni. Ku ba ni minti biyar."

Ta bi wani ɗan lungu zuwa bayan gida. Sai a lokacin mutane suka lura tun ɗazu akwai ƙarar zarto da ke fitowa daga can. Ƙarar ta tsaya.

Ciyaman yana cikin bayyana wa mai kemis irin hukuncin da ya dace da ɓarayi, Sista ta dawo. A bayanta ga wani dogon dattijo mai furfura, da tsohuwar riga wankakkiya, garin katako a gashin hannunsa, fensir a bayan kunne. Yana tafiya a hankali, yana ɗan jan ƙafar hagu, irin tafiyar mahaifinsu.

Maganar Ciyaman ta tsinke a tsakiya.

Dattijon ya tsaya a gabansa. Ya dube shi daga hula har takalmi, ya yi murmushi.

"Auta," ya ce, "ka samo ruwan?"

Waɗanda suke wurin sun kasu biyu har yau. Wasu sun ce da gaske yake tambaya. Wasu sun ce ya san sarai abin da yake faɗa. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne Ciyaman ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, kuma a karon farko tun da aka san shi a layin, ba abin da ya fito.

Daga bakin ƙofa aka ji muryar matarsa. "Yaya? Yaya, kai ne?" Ta ratso mutane, ta durƙusa a gaban dattijon, hawaye yana zuba. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta. "Baban yara, ashe ƙasar wajen tsallaken titi ce? Ina jirgin yake?"

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi dariyar ma da ya fi masa sauƙi.

Yaya ya juya ga duba-gari. "Ranka ya daɗe, ni na ƙera bencinan nan, duk goma sha huɗun, da teburin. Ba wanda ya saci komai. Alamar gidanmu ce." Ya sa yatsa a kan tsagar. "Wannan ta Babanmu. Wannan tawa. Wannan ta Auta. Akwai lokacin da na ce zan riƙa tsayawa a biyu. Hannun ne ya ƙi."

Duba-gari ya dubi Ciyaman. "Yayanka ne?"

Ciyaman ya gyaɗa kai yana kallon burodin da ya zubar.

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Ya sake gyaɗawa.

Duba-gari ya mayar da murfin biro, ya rufe fayil. Ya ce, "Ni an turo ni duba ƙazanta ne. A cikin gidan nan dai ban ga ko ɗaya ba." Ya yi wa Sista sallama da hannu biyu ya fita. 'Yan kwamiti suka zare ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon takalminsa.

Matar Ciyaman ce ta tambayi Sista yadda aka yi. Sista ba ta so faɗa ba, sai da Yaya ya ce, "Gaya mata, Sista. Ƙanwata ce."

Ta ce mai shayin tasha ne ya tare ta wata rana, ya ce akwai wani bawan Allah da ya kwana goma sha ɗaya a kan benci ɗaya, ya ƙi motsawa. Ta je ta ce ya biyo ta. Ya ce a'a, ƙanensa ya ce ya jira shi, in ya tashi zai dawo ya rasa shi. Ta tambaye shi me hannunsa ya iya. Washegari ta ɗauro wata karyayyiyar kujera a bayan keke ta kai masa tashar, da guduma da 'yan ƙusoshi. Ya gyara. Jibi ta kai wata. Da ta gama kwashe ƙananan kujerun gidan, har da guda biyu da ta karya da kanta, Allah ya yafe mata, sai ta ce masa saura manya, ba sa hawa keke. Shi ne ya yarda ya biyo ta, bayan ta bar wa mai shayi kwatancen gidan, ko da ƙanen zai dawo.

"Duk wata nakan leƙa in tambayi mai shayin," in ji Sista. "Har ya bar tashar."

Ta ce an sa shi a magani, a hankali kansa ya dawo. Ranar da aka ɗaga allon shagon tsallake, yana tsaye a ƙofa ya ga tsaga uku da jan fenti. Ya shigo yana rawar jiki don murna, yana cewa Auta ya zama babban mutum. Sannan ya zauna. Ya ce ta yi masa alkawari ba za ta faɗa ba, don kada Auta ya ji kunya a gaban mutane. Tun daga ranar bai sake bin ƙofar gaba ba. Shekara uku yana shiga da fita ta ƙofar baya, inda ake fitar da shara.

Nan ne Ciyaman ya zube a ƙasa cikin sababbin kayansa, ya kama ƙafar Yaya, yana kuka irin na ɗan shekara tara da guduma ta buge.

"Yaya, ban je neman ruwa ba. Mota na shiga. Mota na shiga, Yaya."

"Na sani, Auta. Na gane daga baya." Ya dafa masa kai. "Tashi, kana ɓata kayanka. Kuma ka tashi bencinan nan da ka kifa, sha biyu ta kusa, mutane za su ci abinci."

Ciyaman ya tashe su ɗaya bayan ɗaya, duk ukun, har da teburin. Ya tsince burodin. Ba wanda ya taya shi, don Sista ta ɗaga yatsa ta hana.

Da ya gama ya ce, "Yaya, mu tafi gida. Akwai ɗaki. Akwai komai."

Yaya ya girgiza kai. "Ina da gadaje shida da ban gama ba. Masu su a ƙasa suke kwana. Kuma nan ba wanda yake jin kunyata."

Wannan maganar ta fi duk na baya shiga. Ciyaman ya juya ga Sista, ya kasa haɗa ido da ita. "Sista, abin da na faɗa miki... ban san da wane baki zan..."

"Bar bakin ya huta, ɗana, ya yi aiki da yawa yau," in ji ta. "Me hannunka ya iya?"

Da azahar ɗin ranar, rana tana tsakiya, duk layin yana kallo, aka ga Ciyaman durƙushe a gaban shagonsa da guduma da filaya yana girbin ƙusoshinsa. Ɗari biyu da goma sha ɗaya ne, mai kemis ya ƙirga daga inda yake. Yaya ya aiko a kawo masa su, wai in an miƙe su za su yi aikin gadaje.

Kwamitin bai sake zama ba. Sunan Ciyaman ma ya fara sakin jikinsa, don mutanen gidan Sista duk Auta suke ce masa, har da mai yanka albasa. Yana amsawa.

Ban ce muku ya zama waliyyi ba. Har yanzu yana buɗe taro in ya ga mutum uku. Amma in mai saye ya tambayi ma'anar tsaga uku, ya daina zancen inganci da ƙarko. Sai ya nuna tsallaken titi da haɓa, ya ce, "Ta tsakiyar tana can."

Kuma kullum in sha biyu ta yi, tsofaffi suna zaune a inuwar dakalinsa, za ka ga wani mutum mai tumbi yana tsallaka titi a hankali, riƙe da kofin ruwa da hannu biyu don kada ya zube. Ta ƙofar gaba yake shiga.

Darasi: Kafin ka kira wani tarkace, ka tambayi kanka wa ya ajiye shi a inda ka gan shi, don wataƙila hannunka yana ciki. Tsohuwar da ka raina ita take riƙe maka wanda ka yar, har tana rufa maka asiri kana zaginta. In akwai wanda ka ce wa "jira ni, ina zuwa", yau ce ranar komawa, tun yana da ran da zai amsa maka. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda kuka san yana da Yaya a cikin jirgi.